Canon EOS 2000D ga mai koyon hoton abinci: kyamarar ta wadatar, littafinta ne bai wadatar ba

Masu sana'ar girki da ke tallata abincinsu a Instagram da WhatsApp, da masu niyyar haɗa ɗan littafin koyon girki mai hotuna, idan suka gaji da hoton waya tambayarsu ɗaya ce: wace kyamara ce ta mai farawa? Canon EOS 2000D na cikin waɗanda aka fi miƙo wa irin wannan mai saye. Ta fito a 2018, a Amurka ana kiranta Rebel T7, a wasu ƙasashen Asiya 1500D, a Japan kuma Kiss X90. Duk abu ɗaya ne, don haka kada mai shago ya ɗora kuɗi a kan bambancin suna.

Hukuncina a kanta shi ne ta isa ta fitar da hoton abinci da za a buga a littafi ba tare da jin kunya ba. Inda take barin mai koyo a tsaye shi ne littafin da ke cikin kwalinta, wanda ke nuna aikin kowane maɓalli amma ba ya cewa komai a kan haske, alhali haske ne ke sa hoton tuwo ya yi kyau ko ya lalace.

Abin da ke cikinta

Sensarta, wato farantin ciki da ke karɓar haske ya zama hoto, mai megafiksel 24.1 ce, girman APS-C, tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Cikakken shafin A4 a ma'aunin maɗaba'a na ɗigo 300 a kowane inci yana buƙatar 2480 da 3508 ne kawai, ke nan akwai sarari ko da an yanke gefen hoton. ISO ɗinta, wato ma'aunin yadda take jin haske, daga 100 ne zuwa 6400, ana iya ƙara shi zuwa 12800, saurin labulenta kuma, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga, daga daƙiƙa 30 zuwa 1/4000 na daƙiƙa. Wuraren saita fokas guda 9 ne, na tsakiya ya fi sauran kamawa. Tana ɗaukar hoto 3 a daƙiƙa, wanda ya yi kaɗan ga mai ɗaukar hawan sallah ko ƙwallo, amma kwanon miya ba gudu yake yi ba. Nauyinta da batir da kati kusan giram 475 ne. Batirinta LP-E10 ne, an ƙiyasta masa hoto kusan 500 idan ana leƙawa ta tagar ido, kuma adadin yana faɗuwa sosai idan ana kallo ta allon baya. Ba ta caji ta wayar USB, sai an cire batirin an sa a cajarsa, don haka wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas ya haɗa da batir na biyu tun ranar saye. Akwai Wi-Fi, kuma da manhajar Canon Camera Connect ana tura hoto waya kai tsaye.

Yawanci ana sayar da ita da gilashin gaba (lens) EF-S 18-55mm f/3.5-5.6. A duba rubutun da ke jikinsa: mai alamar IS yana rage illar rawar hannu, wanda ba shi da ita ba ya yi. Wannan bambancin ya fi jakar da ake ba da kyauta muhimmanci.

Alamar cokali da wuƙa

A kan dabaran da ke samanta akwai wata alama ta cokali mai yatsu da wuƙa, tsarin ɗaukar abinci ke nan. Yana ƙara wa hoto haske da ƙarfin launi, yana kuma ba da damar karkatar da launin zuwa ɗumi ko sanyi. Ga cincin, dubulan, alkaki ko kek, abin da yake bayarwa ba laifi a makon farko. Matsalar tana fitowa ne a abincin da tuni yake da ja. Miyar tumatir da aka soya da manja, ko dafa-duka mai attaruhu, idan aka ƙara musu launi sai jan ya toshe, ƙwayar shinkafa da yankan albasa su narke cikin launi ɗaya, ba a bambanta komai. Shawarata ita ce a bar wannan alamar da wuri a koma Av, inda mutum ke zaɓar girman ƙofar haske (lambar f ke nan, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), kyamara ta zaɓi saurin labule. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa a kan Av yake.

Tuwo fari, miya baƙa

Nan ne littafin cikin kwali ya fi gazawa, kuma nan ne duk wanda zai rubuta wa masu koyo littafin hoto ya kamata ya daɗe. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Idan aka cika hoton da malmalar tuwon shinkafa a farin faranti, sai ta ga hasken ya yi yawa ta rage, tuwon ya fito toka-toka kamar ya kwana. Maganinsa a danne maɓallin Av+/- da ke baya, a murza dabaran gaba zuwa +2/3 ko +1. Idan kuwa miyar kuka ce a baƙar tukunya, akasin haka ke faruwa: kyamara ta ƙara haske, miyar ta koɗe ta yi launin ruwan kwata. A nan sai a rage zuwa -1/3 ko -2/3.

Wahalar gaske ita ce idan tuwon da miyar suna faranti ɗaya. A auna hasken a kan tuwon, domin farin da ya ƙone a hoto ba ya dawowa, amma duhu ana iya ɗaga shi daga baya. Bayan an ɗauka a danna DISP har sai jadawalin haske ya bayyana. Duk inda ke ƙyaftawa a ƙaramin hoton ya ƙone, a rage kaɗan a sake. Wannan kyamarar ba ta da ma'aunin ɗigo guda irin na manyan 'yan uwanta, sai mai auna yankin tsakiya, amma shi ma yana yin aikin idan an matso. A kuma ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, haɗe da JPEG, hoton da aka saba. Fayil ɗin RAW yana kai megabait 30 ko kusa da haka, ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki ɗaruruwa, kuma shi ne ke ba da damar fito da koren miyar a kwamfuta ba tare da tuwon ya lalace ba. Canon na ba da manhajar Digital Photo Professional kyauta don wannan aikin.

Hasken kansa kuwa, kada a kunna filashar da ke kanta. Tana bugun abinci daga gaba, mai ya yi ƙyalli fari fat, inuwa mai kauri ta faɗi a bayan kwano, hoton ya kwanta ba tudu ba kwari. A sa tebur kusa da taga ko ƙofa, nesa da ita kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, hasken ya zo daga gefe ko daga baya-baya. Idan rana na shigowa kai tsaye, a rataya farin yadi marar kauri ya tace ta. A ɗaya gefen a tsayar da farin kwali, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga farantin, ya mayar da haske cikin inuwa. A kashe ƙwan ɗaki, domin haɗa hasken taga da na ƙwai yana sa rabin faranti ya yi shuɗi, rabi ya yi rawaya, kuma babu saitin da zai gyara duka biyun a lokaci guda. Tururi ba ya fitowa sai haske na bayansa kuma bangon da ke can baya mai duhu ne.

Daidaita fari ma abin koyo ne. Kyamarar na da zaɓin rana, inuwa, gajimare, ƙwan tangstan mai haske rawaya da farin ƙwai mai tsawo, amma ba ta barin a rubuta lambar launi da hannu. Abin da ya fi shi ne a ɗauki hoton farar takarda a daidai inda farantin zai zauna, a shiga menu a zaɓe ta a matsayin farin da za a bi, sannan a sa WB, wato saitin daidaita fari, a kan wannan zaɓin. Minti ɗaya ne, kuma shi ke sa nono ya fito fari, zoɓo ya fito da jansa na gaskiya. Idan dole sai da hasken lantarki, a tsaya a 1/50 ko 1/100, saboda wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, wasu ƙwayayen suna ƙyaftawa da ita, hotuna su riƙa fitowa da haske daban-daban.

Gilashin da ya cancanci kuɗin

Gilashin da ke zuwa da ita yana aiki, matuƙar an san inda za a tsayar da shi. A 18mm yana kumbura abin da ke kusa, faranti mai zagaye ya koma ƙwai, cokalin gaba ya fi kwano girma. A murza shi zuwa tsakanin 35mm da 55mm a ja da baya. Yana iya kama fokas daga santimita 25, wanda ya isa a nuna ramukan masa ko yajin da ke jikin kilishi. Rauninsa shi ne a 55mm ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, don haka a ɗaki mai ƙarancin haske ISO zai hau. Har 800 hoton tsaf yake, a 1600 ana iya haƙuri, daga 3200 tsaki-tsaki ke cika inuwa, kuma miya mai duhu ce ke fara nuna shi.

Idan akwai kuɗin ƙari guda ɗaya, EF 50mm f/1.8 STM ne. Ya fito a 2015, nauyinsa giram 160, yana kama fokas daga santimita 35, kuma a wannan kyamarar yana ganin abin da 80mm ke gani a babbar sensa, faɗin da ya dace da faranti ɗaya. Sai dai masu koyo suna yi masa kuskure iri ɗaya: su buɗe shi f/1.8 don bayan hoto ya yi dishi-dishi. A tazarar rabin mita, abin da ke fitowa garau a f/1.8 bai kai santimita ɗaya ba. Tsinken tsire ɗaya zai fito, na kusa da shi ya ɓace, mai saye kuma bai ga abin da zai biya ba. Ga faranti a kusurwar mai zaune zai ci, f/4 zuwa f/5.6 ne. Ga tebur da aka ɗauka daga sama, f/5.6 zuwa f/8. A hannu kada saurin labule ya gaza 1/100 da wannan gilashin. Idan ana zuba nono a kan fura ko ana tsiyaya zuma, a kai 1/250 ko sama, in ba haka ba ruwan ya zama zare marar siffa.

A zaɓi wurin fokas guda ɗaya da hannu, a ɗora shi a kan abin da ake so ido ya fara sauka, yawanci naman da ke gaba. Idan aka bar kyamara ta zaɓa, abin da ya fi kusa take kamawa, wato bakin faranti.

Abu na biyu da ya cancanci saye shi ne maƙalin kyamara mai ƙafa uku. Da shi ana zama a ISO 100 da f/8 ko da labule zai yi rabin daƙiƙa a buɗe. A sa mai ƙidayar daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza ta, ko a ɗauka daga waya ta Wi-Fi.

Inda take ba da haushi

Allon bayanta inci 3 ne, a manne yake, ba ya juyawa kuma ba a taɓa shi da yatsa. Ga hoton sama, wanda littafin girki ba ya rabuwa da shi, sai an hau kujera ko an sauke farantin ƙasa. Manhajar waya tana rage wannan wahalar, tunda tana nuna abin da kyamara ke gani. Fokas ta allo yana da nauyi, yana kai-komo kafin ya kama. Ga abincin da ke ajiye, gara a tura maɓallin gilashi zuwa MF, wato saita fokas da hannu, a ƙara girman hoton sau 5 ko 10 a allo, a murza da hannu. Tagar ido kuma kashi 95 cikin ɗari take nunawa, shi ya sa tsumma ko bakin bokiti ke leƙowa a gefen hoto ba a gan su ba lokacin ɗauka.

Ba ta da na'urar kakkaɓe ƙura daga sensa da kanta. A ƙasar da ake hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada a canza gilashi a tsakar gida lokacin hazo, kada kuma a canza kusa da inda ake tankaɗe. A kashe ta, a kifa bakinta ƙasa, a canza da sauri. Don gane ko ƙura ta shiga, a sa f/22 a ɗauki farin bango, duk ɗigon da ya maimaita a wuri ɗaya ƙura ce. Roba mai hura iska ce maganin farko, ba baki ba, ba auduga ba. Hayaƙin itace da tururin mai suna barin maiƙo a gilashi, don haka a sa masa garau ɗin gilashin kariya da ake ɗaurawa a bakinsa (filter), 58mm ga na kwali, 49mm ga na 50mm, kuma a fito da abinci daga madafa maimakon a kai kyamara kan murhu. Kamfanin ya ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 0 da 40, zafin Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai kuwa yana wuce haka, don haka mota rufaffiya ba ma'ajiyarta ba ce.

Wani abin dubawa shi ne mazaunin filasha da ke samanta. Waɗanda aka fara fitarwa ba su da babban ɗigon ƙarfe na tsakiya, kuma filashohi masu araha da yawa na wasu kamfanoni da shi suke tashi. Wanda ke da niyyar amfani da filashar waje ya gwada ta a shago kafin ya biya.

Littafin da ya kamata a ce yana cikin kwalin

Ɗan littafin da ke zuwa da ita taƙaitacce ne, cikakken sai an sauke shi daga shafin Canon, kuma an jera shi ne bisa sassan kyamara. Mai koyo ba ya tunani da sunan maɓalli, da matsala yake tunani. Littafin da zai amfane shi kamata ya yi kowane babi ya fara da hoton da ya lalace: tuwo ya yi toka, hoto ya yi rawaya, nama ya yi dishi-dishi, mai ya yi ƙyalli. A gefensa a sa hoton da aka gyara, faranti ɗaya, wuri ɗaya, a rubuta lambobin duka biyun a ƙasa, a kuma zana inda taga take da inda kwali yake. Babi shida ko bakwai irin wannan sun fi shafi ɗari na bayanin menu. A ƙarshen kowanne a ba da aikin gida guda: a ɗauki kwano ɗaya da gilashin 50mm a f/2.8, f/5.6 da f/11, a jera a duba.

Haka littafin girki na mai farawa. Yawancin masu shirya irinsa suna kashe ƙarfinsu a kan hoton ƙarshe, abincin a jere da ado, alhali mai koyo a tsakiya yake ɓata. Hoton da yake buƙata shi ne na matakin da baki ba ya iya bayyanawa: kaurin ƙullin masa yana zuba daga ludayi, kumfar da ke samansa idan ya tashi, launin gefenta a tanda lokacin da ta isa juyawa, kaurin talge kafin a zuba gari a tuƙa, yadda mai ke tasowa saman tumatir idan ya soyu tsaminsa ya fita. A nan 2000D ke da amfani na musamman. A kafa ta a kan ƙafa uku, a koma M, inda mutum ke saita komai da hannu, a kulle lambobin da daidaiton fari, sai hotunan matakai duka su fito da haske ɗaya da launi ɗaya, mai karatu ya gane cewa canjin da yake gani na abincin ne. Waya tana sake lissafi a kowane hoto, shi ya sa albasa ɗaya ke fitowa da launi uku.

Ma'auni ma a ɗauke shi hoto. "Gwangwani biyu" ko "gishiri daidai" ba sa gaya wa sabuwar mai girki komai, tunda gwangwani iri-iri ne. Shafin farko ya nuna kofin da marubuci ke nufi da mililitarsa, da babban cokali mai mililita 15 da ƙarami mai 5, a shafe ko a tule. Kowane girki kuma ya faɗi na mutum nawa ne, da ƙarfin wuta, gas ne ko gawayi.

Abinci ba ya jiran mai hoto. Miyar kuɓewa da ta kuka suna yin fata a sama cikin 'yan mintuna, manja yana rabuwa ya taru a gefe, ganyen salak yana yaushi, tuwo yana bushewa. A gama duk saiti da faranti na gwaji, ko da dunƙulen takarda ne a ciki, sannan a zubo na gaske, a goge bakin farantin, a ɗauka nan take. Ƙaramin faranti marar zane ya fi babban tangaran mai furanni, kuma kwanon silba yana nuna taga da mai hoton a jikinsa. Akushi, ƙwarya da faifai ba sa mayar da haske, shi ya sa suke da sauƙin ɗauka.

Wa ya kamata ya saya

Wanda hotonsa ba zai wuce WhatsApp ba, waya mai kyau da taga da farin kwali sun ishe shi, ya ajiye kuɗinsa. Wanda bidiyon girki ne burinsa shi ma ba tasa ba ce: tana tsayawa a 1080p, ba ta da ramin makirufo, allonta ba ya juyowa. EOS 250D ta 2019 tana da allo mai juyawa da ake taɓawa, da ramin makirufo, da fokas mai sauri ta allo. Nikon D3500 ta 2018 kuwa batirinta ya ninka na wannan kusan sau uku, tana kuma da tsarin jagora da ke koyar da mai farawa a kan allo, sai dai ba ta da Wi-Fi, da Bluetooth take tura hoto. Gilasan EF da aka saya wa 2000D ba za su zama asara ba idan an koma sababbin kyamarorin Canon marasa madubi, akwai mahaɗin da ke ɗora su.

Idan ta hannu ce za a saya, a je da katin memori. A yi gwajin farin bango a f/22, a haska tocila cikin gilashi a nemi zare-zaren fumfuna, a ɗauki hoto a 1/4000 da kuma daƙiƙa ɗaya a ji labulen, a haɗa Wi-Fi da waya a wurin, a duba ko batirin ya kumbura ko cajar ba ta asali ba ce. A buɗe hotunan a kwamfuta ko a waya a ƙara girmansu kafin a miƙa kuɗi, domin ƙaramin allon bayanta yana ɓoye fokas ɗin da ya kauce.